Batirin Caji Da Lafiyar Gidanka

Maigida, daga Karaye har Rogo, yau da wuya ka shiga gida ba ka tarar da cocila mai caji, ko waya, ko batirin sola ba. Abin amfani ne, amma akwai wuta da guba a cikinsa.

Kowane batiri da cajarsa. Cajar ƙaramar waya bolt 5 take bayarwa, batirin sola na gida kuwa galibi mai bolt 12 ne. Duba lambar da ke jikinta kafin ka saya. Wadda igiyarta ta saɓule, ko take zafi ƙwarai, rabu da ita. Araha ba ta ado.

Kada ka yi caji bisa katifa, ko kusa da kara. Babban batiri yakan fitar da iska mai kama wuta sa'ad da yake caji, don haka buɗe taga, ka nisanta shi da murhu da aci-balbal. Wanda ya kumbura, kada ka huda shi.

In ruwan batiri ya taɓa wa mutum ido ko fata, a yi ta kwarara masa ruwa mai tsabta har minti 20, sa'an nan a kawo mana shi ɗakin shan magani.

In babban batiri ya mutu, kada yara su fasa shi, gama dalma ce a ciki. Ita ce gubar da ta kashe yara wajen 400 a Zamfara a 2010, wurin niƙan dutsen zinariya. Mayar wa dillalin batiri.

Rigakafi ya fi magani.