Kafin Ka Zuba Gahawa A Inji, Dubi Ƙwayarta

Wani abokina ma'aikaci a nan Ikko ya tara kuɗi masu yawa ya sayi injin gahawa irin na zamani, watau wanda mutum zai danna maɓalli ɗaya kurum, shi kuwa injin ya niƙa ƙwayar, ya danne garin, ya zafafa ruwa, sa'an nan ya tsiyayo masa a kofi. Ba a yi wata huɗu ba sai injin ya fara gurnani, ba ya fid da kome sai ruwa tsararo. Da mai gyara ya kwance shi, sai ya tarar hanyar da garin ke bi ta toshe da wani abu mai danƙo kamar tunkuza. Injin lafiyarsa lau. Ƙwayar da ake zuba masa ita ce ta jawo wannan ɓarna.

Irin wannan inji ya soma shiga gidajen mutane a shekarar 1985, sa'ad da kamfanin Saeco na ƙasar Italiya ya fito da nasa. Daga baya kamfanoni kamar su Jura da De'Longhi suka bi sahu. Da yake yanzu ya shigo ofisoshinmu da otal-otal har da gidajen masu hali, ga shi kuma kayan gyaransa sai an yi odarsu daga waje, ya kamata wanda ya mallake shi ya san abin da zai riƙa ba shi.

Gahawar da ake ciniki a duniya iri biyu ce manya. Ta farko ita ce Arabika, wadda asalinta daga tsaunukan Habasha ne, aka kuma fara nomanta sosai a Yaman. Tana son tudu mai sanyi, ta fi ƙamshi, tana da ɗan tsami-tsami. Ta biyu ita ce Robusta, mai jure zafi da cututtuka, ta fi ɗaci, kuma sinadarin nan mai hana barci, irin wanda ke cikin goro, ya kusa ninka na Arabika sau biyu a cikinta. Ƙasar Barazil ce kan gaba wajen noman gahawa, Biyetnam na bi mata da Robusta. Mu ma nan Nijeriya ana noman Arabika a kan tsaunin Mambila a Jihar Taraba. Injin ba ya ƙin ko ɗaya cikin biyun. Mai shan ta baƙa zai fi jin daɗin Arabika, mai zuba madara kuwa ya nemi wadda aka gauraya da Robusta kaɗan, domin kada madarar ta danne ɗanɗanonta.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen suya. Kowa ya san gyaɗa idan ta sha wuta mai yakan fito mata. To, haka gahawa take. Wadda aka soya har ta yi baƙi ƙirin, man da ke cikinta yakan tsattsafo ya lulluɓe bayanta, ka ga tana ƙyalli. Wannan mai shi ke manne wa haƙoran niƙa, ya haɗu da gari ya toshe hanya, ya kuma yi tsami a ciki idan ya daɗe. Wadda ba ta soyu sosai ba kuwa tauri gare ta, kuma da yake injin cikin gaggawa yake aikinsa, sai ta fito da tsami. Saboda haka matsakaiciyar suya ita ce ta dace, mai launin ƙasa-ƙasa, busasshiya. Ka damƙi kaɗan a tafin hannunka, in ta bar maka maiƙo, ka bar wa mai ita.

Akwai kuma waɗansu abubuwa da masu ƙera injin su da kansu suka hana a zuba. Akwai gahawar da ake soyawa da sukari, kamar yadda ake yi a Sifen, da wadda aka fesa wa kayan ƙamshi, dukansu danƙo gare su. Haka nan ɗanyar ƙwaya wadda ba a soya ba, da garin nan mai narkewa a ruwan zafi irin su Nescafé. Alhazanmu da suka saba da gahawar Makka, da 'yan'uwanmu na Sudan masu sa mata citta, su ma su yi hattara. Citta da kanumfari a kofi ake sa su bayan an tsiyayo, kada a zuba su wurin niƙa. Wanda ya sayi ta awo a kasuwa kuwa, ya baza ta a faifai ya tsince ta kamar yadda ake tsince shinkafa, domin tsakuwa ɗaya tak ta isa ta karya haƙoran injin.

Har wa yau, a dubi ranar da aka soya ta a jikin leda, domin ita ta fi muhimmanci bisa ranar da aka ce za ta lalace. Sabuwar suya tana fid da iska, ta fi kyau bayan ta huta kamar mako guda, daga nan kuma ƙamshinta yakan yi ta raguwa. Araha dai ba ta ado, sayen babban buhu don an rage kuɗi hasara ce ga wanda kofi biyu yake sha a yini. A zuba wa injin ta kwana biyu ko uku kaɗai, sauran a rufe ta ruf a wuri mai inuwa. Kada a sa ta cikin firji, gama duk lokacin da aka fito da ita sai ta yi gumi, danshi kuwa abokin gabanta ne.

Idan an sake irin ƙwaya, sai a gyara laushin niƙa. A yawancin injinan ana juya maɓallin ne sa'ad da injin ke cikin niƙa, mataki ɗaya-ɗaya, kuma ba a ganin bambanci sai bayan kofi biyu ko uku. In tana ɗiga da ƙyar ga ɗaci, niƙan ya yi laushi da yawa. In ta zubo da sauri ba ƙarfi, ya yi tsaki-tsaki.

Abokin nan nawa ya biya kuɗin gyara, ya koma sayen ta Mambila mai matsakaiciyar suya, rabin kilo kowane wata. Shekara guda ke nan mai gyara bai sāke taka ƙofar gidansa ba.