Amurka: Iya haɗa waya bai isa a ba ka kwangilar ƙararrawar gobara ba

Matashin da ya ƙware a aikin lantarki a Maradi, idan ya sauka Amurka, takarda za a fara tambayarsa kafin ya karɓi kwangilar saka ƙararrawar gobara. Kowace jiha da dokarta. A New York sai ya yi karatun awa 81, ya ci jarrabawa, a ɗauki zanen yatsunsa, sannan ya samu lasisin shekara 2. Idan ya koma Texas, sai ya nemi na can.

Tsananin yana da dalili. A gobarar Bronx ta 2022, wadda ta kashe mutum 17, mazauna ginin sun ce ƙararrawar ta saba kaɗawa ba gaira ba dalili, har wasu suka daina kula ta.