Tattasan Diffa da Albasar Galmi: Yadda Sunan Gari Ya Zama Haja a Ƙasar Daura

A kasuwar Mai'aduwa ta ranar Lahadi, da ta Daura, da ƙananan kasuwannin Zango da Baure da Sandamu, ciniki ba ya nisa sai mai saye ya tambaya: "Na ina ne?" Dabinon nan na Agadas ne ko na Aljeriya? Tattasan na Diffa ne ko na gida? Shinkafar 'yar Haɗeja ce? Amsar da ɗan kasuwa ya bayar ita ke yanke farashi, sau da yawa tun kafin a kwance bakin buhu. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce, domin kakanninmu sun san goron Gwanja da gishirin Bilma, sun kuma biya su kuɗin da ya fi na sauran. Abin da ya canja cikin shekara goman nan abu biyu ne. Kayan asali sun yi wuyar samu, sunayensu kuwa sun ƙara yawa a bakin masu sayarwa. Sannan gwamnatoci sun fara mallake waɗannan sunaye da takarda da hatimi, kuma maƙwabciyarmu Nijar ta riga mu.

Dokar mallakar sunan wuri daga gonakin inabi na Turai ta fito. Giya haramun ce, Jihar Katsina kuma tana ƙarƙashin shari'ar Musulunci tun shekarar 2000, saboda haka abin da ake tatsa daga inabin ba namu ba ne. Dabarar da manomansa suka kare guminsu da ita ce abin dubawa. A 1756 gwamnatin Fotugal ta shata iyakar kwarin kogin Douro, ta ce abin da aka noma a cikin iyakar nan kaɗai zai ɗauki sunan yankin. A Faransa, wani ƙwaro mai cin saiwa ya hallaka gonakin inabi daga shekarun 1860, kaya suka yi ƙaranci, jabu ta cika kasuwa da sunayen garuruwan da suka yi fice. Manoman Châteauneuf-du-Pape da ke kwarin kogin Rhône suka haɗa kai a 1923 suka rubuta wa kansu ƙa'idoji: ga iyakar ƙasarmu, ga irin da za a shuka, ga yadda za a tsince ruɓaɓɓe a zubar. A 1935 Faransa ta mayar da tsarin doka, a 1936 garin ya shiga sahun farko na waɗanda aka amince da sunansu. Mai saye a can, in ya duba takardar da ke jikin kaya, zai ga wuri da shekara da wanda ya yi, kuma akwai hukumar da za ta hukunta wanda ya yi ƙarya. Hujjarsu ita ce ƙasa da ruwa da iska da gwanintar hannu, in suka haɗu a wuri ɗaya, suna ba da abin da ba a samu a wani wuri. Daga baya dokar ta rufe cuku da man zaitun, Indiya ta kare shayin Darjeeling da ita a 2004, Kamaru ta kare masoron Penja a 2013.

Mu ma muna da irin wannan kwari. Kogin Komadugu Yobe ya raba Nijar da Najeriya a gabas kafin ya faɗa tafkin Chadi kusa da Bosso, kuma a gaɓarsa manoman jihar Diffa suke noma tattasan da ake yi wa kirari da jan zinare. Ana dasa shi a ƙarshen damina, a shayar da shi da ruwan kogi, a riƙa tsinka daga tsakiyar hunturu, iskar hunturun ce kuma take busar da shi a shanya. Wanda ya san kaya yana gane shi da ido da hanci. Jansa mai duhu ne, mai sheƙi, namansa da kauri, ƙanshinsa mai zaƙi-zaƙi ne, ba ya da zafin barkono. Kaɗan za a daka a zuba, miya ta yi jawur. Wanda ya kwana a danshi kuwa zai dusashe, ya yi tabo baƙi ko fari a ciki, kuma wannan funfunar tana iya ɗauke da gubar da ke lalata hanta. Shi ya sa tsofaffin mata ba sa yarda da ganin bayansa kawai, sai sun ɓare ɗaya sun leƙa ciki. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne Diffa tana fitar da kusan tan 10,000 na busasshen tattasai a shekara kafin rikicin Boko Haram, kuma mafi yawansa Najeriya yake shigowa.

Ruwan da ke raya wannan tattasai daga Najeriya yake gangarowa. Kogin Haɗeja da na Jama'are ne suke haɗuwa su zama Yobe. Madatsar Tiga da aka gama a 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja yawan ruwan da ke isa can ƙasa da lokacin isarsa, ga kachalla da ta toshe magudanai a dausayin Haɗeja da Nguru. Wata shekara ruwa ya makara ko ya janye da wuri, wata shekara ya zo da ambaliya, kamar ta 2019 da ta 2022 da suka cinye gonaki a gaɓar kogin.

Bugun da ya fi nauyi shi ne na tsaro. Ran 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram ta kai hari Bosso da Diffa. Gwamnatin Nijar ta kafa dokar ta-ɓaci, ta hana hawan babur, ta taƙaita sayen taki da man fetur, ta kuma haramta cinikin tattasai da kifi bisa zargin cewa 'yan bindiga suna karɓar haraji a kansu. Manoma da yawa suka bar gaɓar kogi suka koma zaman gudun hijira a bakin titi. Sai a ƙarshen 2017 aka ɗage haramcin tattasan. A wannan tsakanin tukunya ba ta daina neman jan miya ba, don haka fadamun Jigawa da Yobe da Kano da Katsina suka cike gurbin. Wannan alheri ne ga manoman ranin gida, ba na kuma raina shi. Sai dai kaya sun canja, suna bai canja ba. Buhun da bai taɓa ganin Komadugu ba sai a kira shi na Diffa, saboda sunan ne ke ɗaga farashi, kuma babu wanda zai iya ƙaryatawa. In aka riga aka niƙa shi ya zama gari, ido ba ya ma da abin da zai gani.

Iyaka ta ƙara nata. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agustan 2019, aka fara buɗewa a Disamban 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai a Maris na 2024 aka buɗe. Mutanen Kwangwalam da Mai'aduwa sun fi kowa sanin ma'anar wannan: kaya sun koma bin ɓarauniyar hanya, kowane shinge da kuɗinsa, kuma duk a kan mai saye yake ƙarewa. Darajar naira kuma ta faɗi daga tsakiyar 2023, har nairar da ake bayarwa a karɓi jikar sefa ta ninka fiye da sau biyu. Ɗan kasuwar da ya sayo kayan Nijar na gaskiya dole ya tsawwala, maƙwabcinsa da ya ari sunan kawai yana iya sassautawa. A irin wannan gasa mai gaskiya ne ke fara tashi daga kasuwa.

Labarin albasar Galmi ya nuna wata fuskar. Galmi gari ne a jihar Tawa, a yankin kwarin Maggiya, albasarsa kuma mai ruwan shunayya ce, mai yaji, mai jure ajiya wata da watanni a cikin rudu. Ana kai ta Gana da Kodebuwa da Benin da Togo. Irinta ya bazu ko'ina a Afirka ta Yamma, har wani kamfanin iri da ke Senegal ya nemi a ba shi haƙƙin mallakarsa da wannan suna. Manoman Nijar da gwamnatinsu suka tashi tsaye wajen 2009, kamfanin ya janye daga sunan. Wannan ya farkar da su. A 2023 ƙungiyar OAPI, mai kula da haƙƙin mallakar fasaha ta ƙasashen Afirka 17 da hedkwatarta ke Yawunde, ta miƙa wa Nijar takardun kare albasar Galmi da kilishin Nijar, tare da tambarin haɗin gwiwa na cukun ƙasar da fatar jar akuyar Maraɗi.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. Najeriya ba ta cikin OAPI, ba ta kuma da doka ta musamman kan sunan asalin kaya. Kilishi sana'ar Bahaushe ce a Maraɗi da Damagaram, haka take a Daura da Katsina da Kano. Jar akuyar da ake kira ta Maraɗi a can, ita ce ake kira ta Sakkwato a nan. Layin da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya bi ta tsakiyar dangi ɗaya, har yau Badauri yana da 'yan uwa a Magariya da Matamaye. Takardar Nijar ba ta hana mahaucin Daura yin kilishi ba, ba ta kuma hana shi kiransa kilishi. Amma mai saye a Kwatano ko Abijan ko Faris, in ya ga ƙunshi biyu, ɗaya da hatimi ɗaya babu, ya san wanda zai ɗauka. Mun taɓa yin irin wannan asara. Fatun akuyar Sakkwato da aka jeme a Kano sun keta Sahara shekaru aru-aru, Turawa suka saye su daga tashoshin Arewacin Afirka suka kira su fatar Maroko, sunan da kuɗin suka tafi wani wuri.

Ba na ganin laifin Nijar ko kaɗan. Ta kare abin da manomanta suka gina. Ba na kuma ɗaukar takarda a matsayin maganin komai. Hatimi yana ɗaga farashi, uwargidan da ke auna cefane da gwangwani kuwa ba ta bukatar ƙarin tsada. Rajista da bincike suna cin kuɗi, kuma in ba a yi hattara ba manyan dillalai ne za su riƙe hatimin, ƙaramin manomi ya ci gaba da sayar da kayansa tun suna gona don biyan bashin taki. Takarda kuma ba ta tsare manomin Bosso daga ɗan bindiga, ba ta saki ruwa daga Tiga a kan kari. Abin da ya ba manoman Rhône nasara shi ne sun fara ɗaure kansu da ƙa'ida shekara goma sha biyu kafin gwamnati ta yi doka, sun yarda a ƙi kayan ɗan uwansu in bai kai ba. Wannan ɓangaren ne mai wuya, shi ne kuma ba ya jiran Abuja.

Manomin rani a madatsar Sabke ko ta Daberam da ya shuka irin Galmi yana iya samun albasa mai kyau, wanda ya shuka tattasai ma haka. Muddin yana sayarwa da sunan wani gari, ƙasarsa ba za ta taɓa yin nata sunan ba, kuma ranar da masu sunan suka fara sa hatimi a buhunansu, nasa zai koma sahun jabu ko da ya fi kyau. Ƙungiyoyin manoma da sarakunan kasuwa a masarautar Daura suna da ikon fara abu mai sauƙi: a ware kaya daraja-daraja, a shanya a kan tabarma ko leda maimakon ƙasa, a auna da sikeli, a rubuta gari da shekarar girbi a jikin buhu, a kuma hukunta wanda ya cika ƙasan buhu da ruɓaɓɓe ya rufe da mai kyau. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, ta Daura zai bi. In ya fara aiki kaya za su riƙa wucewa da yawa da sauri, mai saye daga nesa kuma ba zai tsaya ɓare tattasai ɗaya bayan ɗaya ba, rubutun da ke jikin buhu zai duba.

Sunayen da ƙasashen biyu suka gada tare kuwa sai an zauna a teburi. Indiya da Pakistan suna ta ja-in-ja a gaban Tarayyar Turai tun 2020 kan wa ke da shinkafar basmati, alhali Kuroshiya da Sulobeniya sun yi rajistar man zaitun na yankin Istra tare a 2019. Najeriya da Nijar suna da hukumar haɗin gwiwa tun 1971, mazauninta a Yamai, kuma ficewar Nijar daga ECOWAS a Janairun 2025 ta sa irin wannan hanya ta ƙasa da ƙasa ta ƙara muhimmanci. Kilishi da fatar jar akuya da rabon ruwan Komadugu su ne ya kamata gwamnatin Katsina da majalisar masarautar Daura su matsa a sa a ajandar wannan hukuma, tun kafin jirgin farko ya tsaya a tashar Daura.