Yaya Za Mu Gane Kiranmu?

Mu 'yan ajin ƙarshe, kowa yana tambayarmu: me za ku zama? Amma tambayar da ta fi nauyi ita ce, me Ubangiji yake kiranmu mu yi?

Kira ba ya zuwa da tsawa kullum. Sau uku Allah ya kira yaro Sama'ila, yana tsammani Eli ne, sai da tsohon ya ganar da shi. Ashe muna bukatar manya masu tsoron Allah. Muna kuma bukatar addu'a, da sanin baiwarmu, da duban abin da jama'a suka rasa.

Haƙuri ma wajibi ne. Peter Jatau, haifaffen 1931, ya haura shekara 30 kafin aka naɗa shi fada a 1963. A 1975 ya zama ɗan ƙasa na farko da ya riƙe kujerar Akbishop na Katolika a Kaduna, ya yi hidima har 2007.

Ba duka za mu tsaya a kan bagade ba. Malamin makaranta, da nas, da ɗan tireda a babbar kasuwa, kowa da nasa kiran. Kada kuɗi kaɗai ya zaɓa mana hanya.