Idan Turaren Maganin Ƙwari Ya Gaza

Tun watan Janairu na 2018 da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri, kwantena na iya tasowa daga ƙasar waje a rufe, sai a Kaduna a ɓalle hatiminta. Ƙwaron da ya kuɓuce wa jami'an NAQS, watau hukumar killace kayan gona, ba shi da nisa ke nan da ɗakin ajiyar ɗan kasuwa a Unguwar Kanawa.

Hatsin da aka shigo da shi yakan zo da takardar shaidar an turara shi, galibi da iskar fosfin, wadda ke fita daga ƙwayoyi irin su Phostoxin idan danshi ya taɓa su. Ita wannan iska ba ta son gaggawa. Tana bukatar kwana 5 zuwa 7 a rufe ruf. Idan robar ƙofar kwantena ta ci, ko tampol ya yage, sai ta zurare. Manyan ƙwari su mutu, amma ƙwai da tsutsar da ke kwance cikin ƙwayar hatsi, da yake numfashinsu kaɗan ne, sai su tsira.

Da zarar jami'i ya ga ƙwaro mai rai, takardar ta tashi daga aiki. Za a tsare kayan, a tantance irin ƙwaron, sa'an nan a sake turarawa, ko a mayar da kayan inda suka fito, ko a ƙone su. Mai kaya, da kuɗin ajiya ke hawa kansa kullum, yakan so a ninka ƙwayoyi a sallame shi. Wannan kuskure ne. Yawan guba ba ya maye gurbin kwanaki, kuma turaren rabi da rabi shi ke barin ƙwari masu jure fosfin su hayayyafa. Sai an toshe inda iskar ta fita tukuna. Akwai kuma metil buromaid mai gamawa cikin yini guda, wanda Yarjejeniyar Montreal ta hana saboda yana lalata ozon, amma ta bar shi don aikin killacewa.

Dalilin wannan tsanani yana cikin rumbunanmu. Wani ƙwaro mai huda masara, ɗan asalin Amurka ta Tsakiya, ya ɓulla a Tanzaniya a ƙarshen shekarun 1970, aka gan shi a Togo a 1984, daga baya ya shigo Nijeriya. Yana mai da masara da busasshen rogo gari, kuma har yau ba a iya kawar da shi ba.