Ɗiyanmu mata da injin sassaƙar ƙarfe mai aiki da kwamfuta

Unguwar Zongo ta birnin Yamai ta samo sunanta daga masaukin fatake, kuma har yau ciniki da sana'a su ne ke riƙe da gidajenta. Masu injin niƙa da makanikai sun san baƙin cikin ranar da ɗan ƙaramin ƙarfe ya karye cikin inji. Aiki ya tsaya, sai an jira irinsa daga Kano ko Lome ko Kwatano. A shekarar 2023, da aka rufe iyakoki, kowa ya ga yadda kayan da ke shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Kwatano suka yi wuya. Ƙasar da ba ta iya sassaƙa ƙarfen gyaran injinanta, kullum tana jiran hannun wani. Saboda haka muna bukatar masassaƙa ƙarfe masu ilimi, kuma ba daidai ba ne mu neme su cikin ɗiya maza kaɗai.

Yadda injin yake aiki

Injin sassaƙar ƙarfe, wanda ake ce ma «tur» da Faransanci, yana kama sandar ƙarfe yana juya ta da sauri, wuƙa mai tauri tana fere ta har ta kai girman da ake so. A tsohon inji, ma'aikaci ne ke tura wuƙar da hannunsa. A shekarar 1952, a makarantar fasaha ta MIT da ke Amurka, aka nuna injin da ke bin umurnin lambobi da aka huda bisa dogon zaren takarda. Daga shekarun 1970 aka riƙa haɗa ƙaramar kwamfuta da injin, ita ce ke tura wuƙar.

Ma'aikaci yana rubuta umurni layi bayan layi da haruffa da lambobi. Alal misali, M03 na nufin sanda ta fara juyawa, G01 na nufin wuƙa ta yanka a miƙe, X na nuna kauri, Z kuma tsawo. Awon yakan kai kashi ɗaya cikin 100 na milimita, wato abin da silin gashin kai ya fi shi kauri sau da yawa. In an rubuta daidai, injin zai fitar da ƙarfe 100 ko 1000 iri ɗaya. In an yi kuskuren lamba guda, wuƙa ta karye, ƙarfe ya lalace, kuɗi ya salwanta.

Hujjar ƙarfin damtse ta faɗi

A ƙasar Hausa ƙira gadon maza ce. Ƙarfen da ake duka a kansa sunansa uwar maƙera, amma ba a saba ganin mace zaune gabansa ba, domin zuga da bugun masaba aikin ƙarfi ne. To, wannan sabon inji bai san damtse ba. Abin da yake bukata shi ne lissafi, da iya karanta zane, da natsuwa, da haƙurin sake awo. Babu mai gardama cewa macen da ke riƙon adashi na mutum 30 ba tare da dala ta ɓace ba, tana da waɗannan halaye.

Tarihi ma ya ba da shaida. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, da maza suka tafi fagen fama, mata ne suka riƙe injinan sassaƙa a masana'antun Ingila da Amurka. Haka kuma mata shida ne suka fara tsara aikin babbar kwamfutar nan mai suna ENIAC a Amurka.

Hanyar da yarinya za ta bi

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Mataki na farko shi ne yarinya ta zauna makaranta har ta samu takardar BEPC, ta riƙe lissafi da kyau, musamman awon kusurwa da lambobi masu waƙafi. A watan Disamba na 2017 gwamnati ta fitar da dokar kare karatun ɗiya mace, amma doka ba ta isa ba in uwaye suka cire yarinya tana tsakiyar kwaleji.

Mataki na biyu shi ne zaɓen fanni. Nan ne ake yawan yin asara, domin yarinya mai ƙoƙarin lissafi akan tura ta ɗinki ko aikin sakatariya ba tare da an tambaye ta ba. Alhali makarantun fasaha suna nan: akwai cibiyar Kalmaharo da CFPP a Yamai, da lise Ɗan Kasawa a Maraɗi, da makarantar ma'adinai ta EMAIR a Agadas. Wadda ta ci jarrabawar bak tana iya neman shiga EMIG ta Yamai, wadda ta buɗe a 1990, inda ake horar da injiniyoyin makanikanci.

Mataki na uku shi ne aikin hannu. Kafin ta taɓa kwamfuta, wajibi ne ta koyi tsohon inji, ta san kukan wuƙa in ta dushe, ta bambanta baƙin ƙarfe da tagulla da gorar ruwa. Sa'an nan ta koyi zane bisa kwamfuta da rubuta umurni.

Akwai maganar tufafi da ke damun uwaye, kuma gaskiyarsu ne. Abin da ke juyawa yana fizgar mayafi da hannun riga mai faɗi. Maganinsa rigar aiki mai rufe jiki wadda ba ta reto, da kallabi ɗaure tam, da tabarau, da takalmi mai rufi. Da haka an tsare mutunci, an tsare lafiya.

Kira ga uwaye da hukuma

Ma'aikatun ƙasa kamar SONICHAR mai haƙar gawayi a Anu Araren, da matatar man fetur ta SORAZ da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011, da NIGELEC, duk injina ne ke tafiyar da su, kuma inji ba ya rabuwa da gyara. Ya kamata shugabannin makarantu su kai ɗalibai mata su ga ɗakunan aiki tun suna kwaleji. Asusun FAFPA mai tallafa wa koyon sana'a ya ware wa mata gurabe a fannin ƙarfe. Masu garaji su karɓi ƴan mata koyon aiki, su tanadar musu wurin sauya tufafi da makewayi.

Ran 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka yi jerin gwano a Yamai don a ba su wuri cikin shirin babban taron ƙasa, kuma suka samu. Ya ku uwayen Zongo, ɗakin sassaƙar ƙarfe ma wuri ne da ya cancanci ɗiyanku. Duk mai yarinyar da ke ajin BEPC bana, ya je wurin shugaban makarantarta tun kafin a cika takardar zaɓen fanni, ya tambayi makinta na lissafi. Allah ya yi wa zuriyarmu albarka.