Hannu Na Ciwo, Zuciya Na Son Katako: Yadda Masu Amosanin Gaɓɓai Ke Ci Gaba Da Aikin Kafinta

Ranar wata Asabar da hantsi, a bayan wani gida a Kubwa, wani ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya rage wa shekara biyu ya ajiye aiki ya ɗauki sukudireba zai ɗaure ƙafar 'yar kujerar da yake haɗa wa jikarsa. Murɗawar farko ta wuce lafiya. A ta biyu wani zogi ya soke shi a gindin babban yatsa, sai ga sukudireba a ƙasa. Ya daɗe yana tanadin zarto da guduma da gizago ɗaya bayan ɗaya, da niyyar in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, wannan rumfa ce za ta zama ofishinsa. Ga shi hannun da ya dogara da shi ya fara yi masa gardama tun kafin ranar ta zo.

Ba shi kaɗai ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai na zaizayewar guringuntsi, kuma kashi 73 cikin 100 nasu sun haura shekara 55. Gwiwa da ƙugu da hannu na cikin gaɓɓan da ya fi kamawa. Wato ciwon yakan ƙwanƙwasa ƙofa ne daidai lokacin da ma'aikaci ke shirin samun sarari ya yi abin da ransa ke so.

Ba duk ciwon yatsu ne iri ɗaya ba

Hannun mutum yana da ƙasusuwa 27, kuma bakin kowane ƙashi a gaɓa yana lulluɓe da guringuntsi mai santsi. Idan guringuntsin ya zaizaye, gaɓar takan yi zafi, ta kumbura, ta sandare. A hannu wannan nau'i ya fi kama gaɓɓan ƙarshen yatsu, inda wasu ƙulle-ƙulle masu tauri kan fito, da kuma gindin babban yatsa. Sandarewar safe ba ta cika wuce rabin sa'a ba, zafin kuma yana ƙaruwa ne da aiki.

Nau'i na biyu ya fi haɗari. A cikinsa garkuwar jiki ce ke juyawa ta yaƙi gaɓɓan mai ita. Yakan kama hannu biyu tare, musamman wuyan hannu da inda yatsu suka haɗu da tafin hannu, sandarewar safe ta kai sa'a guda ko fiye, ga kasala. Hukumar ta ce mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi a 2019, kimanin kashi 70 cikin 100 mata ne. Wannan nau'i yana iya karkatar da yatsu har abada idan aka yi jinkiri, amma akwai magunguna irin su methotrexate da ke taka masa birki idan likita ya fara su da wuri. Saboda haka matakin farko ga mai sha'awar katako shi ne sanin wanne ke damunsa. Asibitin Ƙasa na Abuja, Asibitin Koyarwa na Gwagwalada da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano suna duba irin wannan larura, kuma ma'aikacin da ke da rajista da hukumar inshorar lafiya ta NHIA zai fara ne daga asibitin da ya zaɓa, daga nan a tura shi gaba.

Dalilin da babban yatsa ke shan wahala

Wani bincike da aka wallafa a 1977 daga asibitin Mayo da ke Amurka ya nuna cewa idan mutum ya tsunkuli abu da ƙarfin kilo ɗaya, nauyin da ke sauka a gaɓar gindin babban yatsa yana kaiwa kimanin kilo 12. Aikin kafinta kuwa cike yake da tsunkule: riƙe ƙusa, murɗa sukudireba, danne katako da yatsu, goga sanfefa. Duk dabarun da likitocin fisiyo ke koyarwa suna komawa ne ga ƙa'ida ɗaya, a ɗauke nauyi daga ƙananan gaɓɓai a ɗora shi kan manya ko kan kayan aiki.

Mafi sauƙi shi ne kaurara mariƙi. Siririyar ƙota tana tilasta wa yatsu su dunƙule sosai, amma idan aka naɗe ta da robar tsohon tif na keke ko soso, tafin hannu gaba ɗaya ne zai riƙe ta. Ƙarfen matse katako da ake kafawa a teburin aiki yana hutar da hannun da ke danne katako. Injin huda mai batir yana maye gurbin sukudireba, kuma huda ƙaramin rami kafin ɗaure noti yana rage ƙarfin da ake buƙata. Maimakon riƙe ƙusa da yatsu, filaya ta wadatar. Sanfefa kuma a naɗe ta a jikin guntun katako mai kauri. Wasa kayan aiki a kai a kai shi ma magani ne, domin dakusasshen zarto da ƙarfin gaɓa yake yanka.

Zaɓen katako yana da nasa tasiri. A kasuwannin katako na Dei-Dei da Kugbo ana samun obece da malaina, masu laushi da rashin nauyi. Maɗaci da iroko sun fi kyau da ƙarko, sai dai suna cin hannu, balle ƙirya da ake sassaƙa turmi da ita. Wanda ya nace wa katako mai tauri zai iya biyan masu injin kasuwa su yanka masa daidai awo, shi kuma ya ji da haɗawa da ƙawatawa.

Lokaci da hutu

Da yawa daga masu ciwon suna cewa safiyar hunturu ta fi tsananta musu. Tsoma hannu cikin ruwan ɗumi na kamar minti goma, sannan a buɗe yatsu a dunƙule su a hankali, yana sassauta gaɓɓai kafin a taɓa katako. Aikin rabin sa'a da hutu a tsakani ya fi wuni guda a tsaye, haka ma sauya aiki daga yanka zuwa fenti zuwa awo. Akwai ma'auni mai sauƙi da masu kula da ciwon ke bayarwa: idan zafi ya wuce sa'a biyu bayan an tashi daga aiki, to an zarce iyaka, sai a rage gobe. Ɗan takalmin babban yatsa da likitan fisiyo ke auna wa mutum yana tallafe gaɓar yayin aiki. Barin motsa hannu gaba ɗaya kuwa ƙara sandarewa yake yi, ya kuma raunana tsoka.

Inda haɗarin yake

Jarrabawar da ta fi kowacce girma ita ce kashe zafi da ƙwaya don a ƙarasa aiki. Shan diclofenac ko ibuprofen kullum ba tare da shawarar likita ba yana iya jawo gyambon ciki, ya taɓa ƙoda, ya tayar da hawan jini. Shi ya sa a ciwon hannu likitoci kan fara da na shafawa. Haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda ya fi muni, domin wasu na ɗauke da dexamethasone ko prednisolone, masu kawo sauƙi nan take amma su tayar da sukari su raunana ƙashi. Duk maganin da ke sa barci, irin su tramadol, bai haɗu da injin yanka katako ba. Safar hannu ma, duk da ɗumin da take bayarwa, ba a sa ta kusa da ƙarfe mai juyawa, domin yana iya fizgar ta har da yatsun. Wanda riƙonsa ya yi rauni ya tura katako da sanda.

Mai zanen Faransa Pierre-Auguste Renoir ya yi fama da nau'i na biyu har yatsunsa suka lanƙwashe, ta kai sai an sa masa burushi a hannu, amma bai daina zane ba har rasuwarsa a 1919, tun kafin a samu magungunan da ake da su yau. Shi ma ma'aikacin Kubwa bai rufe rumfarsa ba. Bayan ganin likita ya naɗe ƙotocin kayansa da roba, ya kafa ƙarfen matsewa a teburinsa, ya mayar da aikinsa zuwa bayan la'asar. Kujerar da ya yi niyyar gamawa a kwana biyu ta ci mako uku, kuma jikar tana zama a kanta.